Rawar Zamani: Yadda Ta Faro da Waɗanda Suka Share Mata Fage



Da editan wannan mujalla tamu ya matsa mini lamba in kawo wani abu a wannan fitowa, na ce masa zan yi rubutu a kan tarihin rawa. Sai ya bushe da dariya, ya ce, "Kai da ko tafi ba ka iya ba?" Gaskiyarsa kuwa. 'Yan ajinmu ba su manta ba, ni ne kan gaba wajen tsokanar 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da al'adu, duk ranar Laraba da yamma in sun fito gindin darbejiya suna gwaji. Har suna na raɗa musu, wai 'yan ba aikin yi. Wata rana malaminmu na Hausa, wanda ke kula da ƙungiyar, ya ji ni. Bai ɗauko bulala ba, sai ya ce, "Yaro, abin nan da kake rainawa, wasu teku suka ƙetare don su koye shi." Na ɗauka zance ne kawai irin na manya.

Shekara 3 da suka wuce aka naɗa ni sakataren wani kwamiti a wurin aiki, aka ɗora mana shirya 'yan wasan da za su wakilce mu a wani bikin al'adu. Muka so a farfaɗo da wata rawa da wani dattijo ya yi fice da ita, sai muka tarar Allah ya yi masa rasuwa. Yaransa sun riƙe farkon rawar, sun riƙe ƙarshenta, amma suka yi ta musu a kan tsakiyarta, kowa da abin da ya tuna. Babu rubutu, babu faifai. Haka muka haƙura muka cire ta daga tsari. A daren nan maganar Malam ta dawo mini, na shiga neman ko su wane ne waɗanda suka ƙetare tekun. Abin da na samo shi ne zan ɗan gutsura muku. Ba fatawa na zo bayarwa ba a kan halaccin rawa ko haramcinta, wannan fagen malamai ne. Tarihi na kawo, da darasin da na ga yana cikinsa.

Abin da ake nufi da rawar zamani

Da farko dai, in masana sun ce rawar zamani, ba irin ta gidan biki ko ta waƙoƙin fina-finai suke nufi ba. Suna nufin wata fasaha da ake nunawa a kan dandamali, jama'a na zaune suna kallo kamar wasan kwaikwayo, wadda ta tsiro a Amurka da Jamus tsakanin 1890 da 1940. Ta tsiro ne don tawaye ga wata tsohuwar rawa ta Turawa da ake kira bale.

Ita bale a fadojin sarakunan Italiya ta faro a ƙarni na 15, ta kuma bunƙasa a Faransa, inda Sarki Luwis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. A nan aka ƙayyade tsayuwar ƙafa iri 5 waɗanda kowane taku zai fara da su ya ƙare da su. Daga 1832, da wata mai suna Marie Taglioni ta shahara a Faris, sai ya zama ado mace ta yi rawa a kan ɗan yatsan ƙafa. Baya a miƙe kamar sanda, ƙugu a ɗaure tamau, fuska ba ta nuna gajiya, burin duka shi ne mai rawa ta zama kamar ba ta da nauyi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, a yawancin biranen Turai ban da Rasha, abin ya zama maimaici da ƙawa kawai.

A daidai wannan lokaci kuma iska ta fara sauyawa. Wani Bafaranshe mai koyar da waƙa da wasan kwaikwayo, François Delsarte, wanda ya rasu a 1871, ya shafe shekaru yana lura da yadda mutane ke motsi in suna fushi ko baƙin ciki ko murna, ya koyar da cewa duk abin da ke zuci yana da kamanninsa a jiki. Koyarwarsa ta yaɗu a Amurka a tsakanin mata masu ilimi, waɗanda da ma sun fara ƙorafi a kan tufafin da ke hana su numfashi, sun kuma fara motsa jiki don lafiya. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mata uku ne 'yan Amurka suka fara sauya takun.

Mata uku da suka fara

Ta farko ita ce Loie Fuller, wadda aka haifa kusa da Chicago a 1862. Ba ta yi makarantar bale ba, 'yar wasan kwaikwayo ce. Dabararta ita ce ta sa wata ƙatuwar rigar siliki, ta riƙe sanduna a cikin hannayen rigar, ta riƙa juyawa, fitilun lantarki masu launi daban-daban na haska ta, sai a gan ta kamar fure, ko malam-buɗe-littafi, ko harshen wuta. Ta isa Faris a 1892, birnin ya ruɗe da ita, har ta kai a babban baje kolin duniya na 1900 tana da gidan wasa nata na kanta. Ta yi rajistar mallakar dabarar rigarta a 1894. Amma rawar kanta ta gagare ta mallaka. A 1892 ta kai ƙarar wata da ta kwaikwaye ta a wata kotu a Niyok, alƙali ya kori ƙarar, bisa hujjar cewa rawar ba ta ba da wani labari ba, don haka ba ta cikin abin da doka ta kare. Sai a dokar 1976 Amurka ta ambaci tsara rawa ƙarara a cikin ayyukan da ke da haƙƙin mallaka. Ku duba tazarar, shekara 84.

Ta biyu, wadda aka fi yi wa laƙabi da uwar rawar zamani, ita ce Isadora Duncan, haifaffiyar San Francisco a 1877. Cikin talauci ta tashi, uwarta na koyar da kiɗan piyano. Da ta ƙetara Landan ta riƙa wuni a babban gidan tarihi na Biritaniya tana nazarin hotunan da ke jikin tukwanen Girkawan da. Ta yar da takalmin bale da ɗamarar matse ƙugu, ta fito ba takalmi cikin sakakkiyar riga. Takunta kuwa abin da kowane yaro ya iya ne: tafiya, gudu, tsalle, durƙuso, ɗaga hannu. Ta ce motsi na gaskiya daga tsakiyar ƙirji yake tasowa, wajen ƙahon zuci, sannan ya bazu zuwa gaɓoɓi. Ta kuma yi ƙarfin halin yin rawa da kiɗan manyan mawallafa irin su Beethoven da Chopin, abin da masu sukarta suka ɗauka rashin kunya ne. A 1903 ta yi lacca a Balin a kan rawar gobe, a 1904 ta buɗe makarantar kwana ta yara mata a unguwar Grunewald, tana ciyar da su da kuɗin wasanta.

Rayuwarta cike take da masifu. A 1913 motar da ke ɗauke da 'ya'yanta biyu ta faɗa kogin Seine a Faris, suka mutu tare da mai renonsu. A 1921 ta tafi Mosko ta buɗe wata makarantar bisa gayyatar sabuwar gwamnatin Rasha. Ranar 14 ga Satumba, 1927, a garin Nice na Faransa, dogon gyalen da ta yafa ya naɗe a ƙafar motar da take ciki, nan take ta mutu. Abin lura a nan shi ne, in ban da wani guntun fim na 'yan daƙiƙoƙi da ake dangantawa da ita, babu hoto mai motsi na rawarta. Abin da ya tsira ya tsira ne ta hannun ɗalibanta 6 na makarantar Grunewald, waɗanda suka ɗauki sunanta, wasu daga cikinsu kuma suka koyar da na bayansu. Da ba ta buɗe makaranta ba, da yau labari kawai za a riƙa ji, kamar na dattijon nan namu.

Ta uku ita ce Ruth St. Denis, wadda aka haifa a jihar New Jersey a 1879. A 1904, tana yawon wasa da wata ƙungiya, ta ga tallan taba sigari a wani kantin magani a garin Buffalo, ɗauke da hoton wata gunkiya ta Misirawan da. Wannan hoto shi ya juya mata tunani zuwa ƙasashen Gabas. A 1906 ta fito da rawar da ta kira Radha, wai rawar Indiya. To amma a lokacin ko hanyar Indiya ba ta sani ba, kiɗan da ta yi amfani da shi ma na wani Bafaranshe ne, Léo Delibes. Abin da ta karanta a littattafai ta haɗa da abin da ta raya a zuci, 'yan kallo kuwa suka karɓa a matsayin Indiya. Sai bayan shekara 20 ta taka ƙasar.

A 1914 ta auri Ted Shawn, wanda da karatun zama limamin coci yake yi a Denver, sai ciwon maƙarau ya kwantar da shi har ƙafafunsa suka shanye, ya shiga rawa don ya dawo da ƙarfinsu. A 1915 suka buɗe makarantar Denishawn a Los Angeles, sunan da suka haɗa daga sunayensu biyu. Bayan sun rabu, Shawn ya kafa ƙungiyar maza zalla a 1933, don ya nuna rawa ba aikin mata kaɗai ba ne. Gonar da suka zauna a jihar Massachusetts, mai suna Jacob's Pillow, har yau ana bikin rawa a cikinta kowace shekara. Amma babban abin da Denishawn ta haifar shi ne ɗaliban da suka yi mata tawaye.

Ɗaliban da suka mai da ita ilimi

Martha Graham 'yar likita ce, an haife ta a 1894 kusa da Pittsburgh. Ta ga wasan St. Denis a 1911, ta shiga Denishawn a 1916, tana da shekara 22, shekarun da a ka'idar bale an makara. Ta bar su a 1923. Ranar 18 ga Afrilu, 1926, ta yi wasanta na farko a Niyok, ƙungiyar da ta kafa a shekarar kuwa tana nan har yau. Graham ta gina koyarwarta a kan numfashi. In mutum ya fitar da numfashi da ƙarfi, ciki kan shige, baya ya lanƙwashe, kamar wanda aka nausa ko mai kuka. In ya shaƙa, jiki ya miƙe ya saki. Daga wannan tsukewa da sakewa ta tsara darussa daki-daki, ana farawa a zaune a ƙasa, a miƙe tsaye, sannan a ratsa fili. A 1930 ta yi wata rawa mai suna Lamentation, wato makoki, tana zaune a kan benci cikin wani ƙyalle mai talewa da ya rufe ta, ba a ganin komai sai fuska da hannaye da ƙafafu. Ta tsara raye-raye 181, ta haura shekara 70 tana hawa dandamali, ta rasu a 1991 tana da shekara 96.

Abokiyar karatunta, Doris Humphrey, ta bar Denishawn a 1928 tare da Charles Weidman. Ita kuma nauyin jiki ta kama. Ta lura cewa ko tafiya da muke yi faɗuwa ce da tarewa: mutum ya saki jiki gaba, ƙafa ta tare shi. Ta ce rawa na tsakanin tsayuwa cak da kwanciya warwas, wato a cikin faɗuwa da farfaɗowa. Inda bale ke ɓoye nauyi, ita fito da shi ta yi. A 1928 ta tsara wata rawa ta kwaikwayon igiyar ruwa ba tare da kiɗa ba sam, masu rawar da numfashinsu suke daidaita taku. Da ciwon gaɓoɓi ya hana ta rawa ta ci gaba da koyarwa, ta kuma rubuta littafi a kan yadda ake tsara rawa, wanda ya fito a 1959, shekara guda bayan rasuwarta.

A wannan zamani ne abin ya shiga makarantu. Jami'ar Wisconsin ta fara ba da digiri a fannin rawa a 1926, ta hannun wata malama Margaret H'Doubler. Jaridar New York Times ta ɗauki John Martin a 1927 don ya riƙa sharhi a kan rawa, littafinsa na 1933 kuwa ya taimaka wajen kafa sunan rawar zamani. Daga 1934 kwalejin Bennington ta riƙa tara manyan fannin a lokacin hutu suna koyar da malaman makarantu.

Reshen Jamus

Yayin da ake wannan a Amurka, a Jamus ma wani reshe ya tsiro da kansa. Jagoransa shi ne Rudolf Laban, wanda aka haifa a 1879 a garin da yanzu ake kira Bratislava. Shi tambayarsa ita ce: in ana rubuta magana, ana rubuta kiɗa, me zai hana a rubuta motsi? A 1928 ya wallafa tsarinsa. Ana ja layuka a tsaye, a karanta daga ƙasa zuwa sama. Layin tsakiya ya raba jiki dama da hagu, kowace gaɓa da gurbinta. Siffar alama ita ke nuna inda za a nufa, gaba ko baya ko gefe. Yadda aka cike cikinta ke nuna sama ko tsakiya ko ƙasa. Tsawonta kuma ke nuna daɗewar motsin. Da wannan, wanda bai taɓa ganin rawa ba zai iya ɗaukar takarda ya tayar da ita. A 1940 aka buɗe ofishi a Niyok don adana raye-raye da wannan rubutu. Ranar da na fahimci tsarin nan na daɗe ina tunanin musun yaran dattijon nan.

Ɗalibarsa Mary Wigman, haifaffiyar Hanover a 1886, ita ta fi kowa fice a reshen. Ta fito da rawar mayya a 1914, daga baya ta sake ta tana zaune a ƙasa, fuska a rufe da abin rufe fuska na katako, tana buga ƙafa. Ba ta damu da kyau ba, abin tsoro da baƙin ciki ma a wurinta abin nunawa ne. Sau da yawa ganga da ƙararrawa kaɗai ke raka ta, kuma mai kiɗa ke bin mai rawa. Ta buɗe makaranta a Dresden a 1920, ɗalibarta Hanya Holm ta buɗe reshe a Niyok a 1931, nan kogunan biyu suka haɗu.

Zuwan Hitila kan mulki a 1933 ya gwada halin kowa. Kurt Jooss, wani ɗalibin Laban, wanda rawarsa ta sukar masu haddasa yaƙi ta ci gasa a Faris a 1932, ya ƙi korar Yahudawan da ke ƙungiyarsa, ya tsere daga ƙasar. Graham ta ƙi amsa gayyatar bikin wasannin Olamfik na Balin a 1936, saboda zaluncin da ake yi wa masu fasaha da kuma Yahudawan da ke cikin ƙungiyarta. Wigman ta zauna, har ta yi wasa a bikin. Laban ya karɓi muƙami a ƙarƙashin gwamnatin, sai da Goebbels ya soke wasan da ya shirya wa bikin sannan ya faɗi, ya bar Jamus a 1937, ya ƙare rayuwarsa a Ingila a 1958. Mu ma'aikatan gwamnati ya kamata mu yi wa wannan sashe karatun natsuwa.

Waɗanda suka ƙetare teku

Akwai wani gurbi a labarin nan da bai kamata a rufe ba. Waɗannan majagaba sun ari na Girka da Indiya da Masar, amma rawar baƙar fata da ke ƙofar gidansu ba su ɗauke ta fasaha ba. Ita kanta Duncan, a rubuce-rubucenta na ƙarshen rayuwa, ta kushe kiɗan jaz da raye-rayen baƙaƙen Amurka da kalmomin raini. Baƙar fata ne da kansu suka cike gurbin.

Na farko ɗan Afirka ta Yamma ne, Asadata Dafora, wanda aka haifa a Freetown ta Saliyo a 1890. Ya yi karatun waƙa a Turai, ya isa Niyok a 1929. A 1934 ya nuna wani wasa mai suna Kykunkor, labarin wani ango da mayya ta yi wa sammu, da ganguna da waƙoƙi da raye-rayen Afirka ta Yamma na ainihi. A ƙaramin zaure aka fara, cinkoson jama'a ya sa aka koma manyan gidajen wasa, aka yi watanni ana yi. Rawarsa ta jimina kuwa wasu ƙungiyoyi sun ci gaba da yin ta bayan rasuwarsa a 1965.

Sai Katherine Dunham, wadda aka haifa a 1909, ta yi karatun nazarin al'adun ɗan Adam a Jami'ar Chicago. A 1935 ta sami tallafi ta tafi tsibiran Jamaika da Martinik da Tirinidad da Haiti, ta zauna da mutanen karkara, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, tana koyon raye-rayensu tana rubutawa. Daga nan ta tsara koyarwa tata, inda kafaɗa da ƙirji da ƙugu kowanne ke motsi da kansa, abin da duk wanda ya taɓa kallon rawar kalangu ba zai yi mamakinsa ba. A 1944, a garin Louisville, bayan ta gama wasa ta shaida wa 'yan kallo fararen fata cewa ba za ta sake dawowa ba sai ranar da aka bar masu launinta su zauna kusa da su. A 1966 tana Dakar a matsayin mai ba Shugaba Senghor shawara, lokacin bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko.

Ta ƙarshe, wadda nake jin ita Malam yake nufi, ita ce Pearl Primus. A Tirinidad aka haife ta a 1919, ta tashi a Niyok, ta gama kwalejin Hunter a 1940 da niyyar zama likita. Launin fatarta ya hana ta samun aiki a ɗakin gwaje-gwaje, neman abin yi ya kai ta ga rawa. Ta fara wasa a 1943, ta yi suna da tsalle mai ban mamaki. A 1948 gidauniyar Rosenwald ta ba ta dala 4,000, ta zo Afirka ta yi wata 18 tana yawo, ciki har da Nijeriya da Laberiya da Kwango da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ba ta tsaya kallo daga nesa ba, ta zauna a ƙauyuka ta koya daga bakin masu abin. Sarkin Ife na lokacin, Adesoji Aderemi, ya raɗa mata suna Omowale, wato ɗiya ta dawo gida. Rawar maraba ta Fanga da ta koyo a Laberiya ta yaɗu a makarantun Amurka ta dalilinta. Ta sami digirin digirgir a Jami'ar Niyok a 1978, tana dab da shekara 60, ta rasu a 1994.

Abin da ya rage mana

'Yan uwa, in kun lura, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan gwani ne, amma ba gwanintar ce ta raya aikinsu ba. Gwanaye nawa aka yi a zamaninsu waɗanda ko sunansu ba a sani ba yau? Waɗanda suka wanzu su ne waɗanda suka buɗe makaranta, ko suka tsara darasi, ko suka rubuta. Maƙwabtanmu na Gana sun gane haka da wuri, don tun 1962 suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a jami'arsu ta Legon, ƙarƙashin Kwabena Nketia da Mawere Opoku, inda ake nazari ana kuma yi.

Mu kuwa muna da takai, da asauwara, da koroso, da rawar 'yan tauri, da ta mahauta, da ta manoma a wajen gayya, kowace da kiɗanta da lokacinta da ma'anarta. Ko wanda ba ya sha'awar rawa zai yarda cewa a cikinsu akwai tarihin sana'o'inmu da zamantakewarmu. Yawancin wannan ilimi a ƙafafun tsofaffi yake, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan a ajandar taron shekara. Na ji an ce ƙungiyar wasan kwaikwayo da al'adu ta makarantarmu ta daɗe da mutuwa. A cikin kuɗin da muke tarawa na gyaran azuzuwa, a ware wani abu kaɗan a farfaɗo da ita. A ba ɗalibai aikin hutu, kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa a garinsu, da izinin iyaye da na masu unguwa, ya ɗauki hoton rawar da waya, ya kuma rubuta sunanta, da sunan kowane taku, da wanda ya koya wa mai yin, da lokacin da ake yin ta. A tara a ɗakin karatu na makaranta. Abin da Primus ta kashe dala 4,000 ta zo nema, yaranmu kuɗin mota kawai zai ci musu. Ni na ɗauki nauyin zangon farko, kuma ma'aji na iya riƙe ni a kan wannan magana.

A ƙarshe, ina neman afuwar 'yan ƙungiyar nan da na raɗa wa suna, na san da yawansu za su karanta wannan. Malam kuma, in mujallar nan ta iso hannunka, ɗalibinka ya gane karatun, ko da yake a makare. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.